Injin wanke-wanke na yoyo: a gyara ko a sayi wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin wanke kwanuka ƙirar Bosch, na hannu muka saya. Kwanan nan duk sanda na kunna shi sai ruwa ya kwanta a gabansa, jiya kuma ya rubuta E15, ya ƙi yin komai sai gurnani. Mai gyara ya leƙa ya ce ya mutu, in kawo kuɗi ya samo mini wani. Maigida kuma ya ce dama can ɓarnar kuɗi ce. In saya ko in haƙura? Daga wata uwargida a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki fitar da ko sisi tukuna. Mai gyaran da ya yanke wa inji hukunci da leƙe kawai, bai jawo shi waje ba, bai kwance murfin ƙasa ba, ciniki ya zo yi.

E15 a injinan Bosch ba alamar mutuwa ba ce. A can ƙarƙashin injin akwai wani faranti mai tare ruwa, a cikinsa kuma akwai ɗan soso mai tasowa in ruwa ya taru. Da ya taso sai injin ya daina jan ruwa, ya kunna famfon zuƙewa ya bar shi yana ta aiki. Gurnanin da kike ji ke nan. Injinan Samsung LC suke rubutawa in haka ta faru, na LG kuma AE. Saƙon ɗaya ne: ruwa na zuba inda bai kamata ba.

Kafin komai ki cire fulogi daga soket, ki rufe famfon da ke ba shi ruwa. Kada ki taɓa jikinsa kina tsaye a jiƙaƙƙen tayil da wuta a jone. Za ki ji ana cewa a karkata injin ruwan ya zube, lambar ta goge. Tana gogewa kam, amma ta dawo bayan wanki biyu ko uku, kuma ruwan na iya gangarawa kan wayoyi. Gara a buɗe murfin ƙasa a tsane shi da soso, a bar wurin ya bushe.

Yanzu ni ma in tambaye ki: wane sabulu ake zuba masa? Ba ke kaɗai ba, har yara da 'yar aiki. Abin da na fi zargi ke nan. Sabulun ruwa na wanke-wanke da hannu, irin su Morning Fresh, da omon wanki, an yi su ne don su yi kumfa, shi kuwa wannan inji ba ya shiri da kumfa sam. Cokali guda ya isa ya cika cikinsa, ta tunkuɗo ta ƙasan ƙofa, ta gangara cikin farantin nan. Ko kwanon da aka fara cuɗawa da sabulu aka jefa ba a ɗauraye ba yana jawo haka. In kin buɗe kin ga kumfa, ki kwashe ta, ki zuba man girki cokali ɗaya a ƙasa don ya kashe saura, ki sa shi ya ɗauraye ba kwanuka. Daga nan sai sabulunsa na musamman, ƙwaya ko gari.

In ba sabulu ba ne, ki ciro kwandon ƙasa, ki murɗe matatar da ke tsakiya. Girkinmu ba ya raga mata: ɓarɓashin tuwo, ƙwayar shinkafa, ƙayar kifi, daskararren manja. In ta toshe ruwa ba ya sauka da wuri, sai ya taru ya haura bakin ƙofa. Tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi sun wadatar. Ki kuma ciro fankar da ke fesa ruwa ki duba ta a haske. In ta tsage a gefe, ruwan zai riƙa dukan ƙasan ƙofa kai tsaye, wurin da ba a yi shi don tare feshi ba.

Sai robar da ta zagaye bakin ƙofa. Ki bi ta da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kina neman tsaga, ko inda ta taurare, ko inda ta zame daga raminta. Injin da ya daɗe a ajiye ba a aiki da shi, kamar yawancin na gwanjo, robarsa kan bushe. Sauya ta ba wani aiki ba ne, a yawancin ƙira turawa kawai ake yi da hannu. Ki ɗauki hoton lambar injin, wadda a Bosch take a gefen ƙofa ta sama da rubutun E-Nr, ki tafi da shi wurin masu sayar da kayan gyara, don kada a haɗa ki da wadda ba tasa ba. Ki duba kuma ko injin ya rinjaya gaba. Ƙafafunsa murɗawa ake yi.

In duk waɗannan lafiya lau, to yoyon daga ƙasa yake, kuma nan ne aikin mai gyara ya fara. Amma ki riga shi sani. Ki shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashi, ki kunna gajeren wanki, ki zauna da tocila. In kwalin ya jiƙe tun injin na jan ruwa, ko ma yana kashe, tiyon shiga ne ko bawul ɗinsa. In a tsakiyar wanki ne, robar famfon ciki ce ko ta gindin tukunyar, wato cikin injin inda ake jera kwanuka. In sai ƙarshe, lokacin da yake zubar da ruwa, tiyon fita ne: ko maɗaurinsa ya saki, ko ɓera ya yi masa aiki, don bayan inji akwai ɗumi da ƙanshin abinci.

Duk abin da na lissafa gyara ake yi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon inji ba. Abu biyu ne za su sa in ce ki sallama shi: tukunyar kanta ta huje ko ta tsage, ko ruwa ya ƙona allon lantarkinsa alhali injin ya doshi shekara 10. Haka in kuɗin gyara ya wuce rabin na sabo. Ki nemo wani mai gyaran, ki ce ya nuna miki inda ruwan ke fita da idonki kafin a yi maganar kuɗi. Batun maigida kuwa, ki bari sai an gyara ki kai masa rasit.

Tambaya: Malam, ƙanena da ke Amurka ya ce zai auno mini irin wannan inji a kwantena. Ruwanmu na bohol ne, daga tankin sama. Zai yi? Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: Alhaji, ka gode masa, ka ce ya turo kuɗin. Injin Amurka da wuta mai ƙarfin volt 120 yake aiki, tamu 230 ce, kuma yawancinsu suna jiran a ba su ruwan zafi ne daga famfon gida. Na Turai ko wanda ake sayarwa a nan shi ya dace da wutar gidanka, ga garanti in sabo ne.

Tankinka ma abin dubawa ne. Injinan Bosch na buƙatar ƙarfin ruwa aƙalla rabin “bar” (ma'aunin ƙarfin ruwa), wato tankin ya ɗara injin tsawo da kamar mita 5. In bai kai ba, sai ka haɗa da ɗan famfon ƙara ƙarfi. In kuma ruwan bohol ɗinku na barin farin dabbare a buta, ka zaɓi mai gurbin gishiri, ka riƙa zuba gishirinsa na musamman, ba na miya ba. Kafin ka biya ka auna gurbin kicin: akwai mai faɗin santimita 60, akwai mai 45.