Tambayoyinku: gem ɗin Fear Factor da masu danna "yarda" ido rufe

Tambaya: Salam malam. Lokacin ina yaro yayana yana da Game Boy, akwai gem na Fear Factor da muke bugawa. Na neme shi a intanet na samu wani APK (fayil ɗin saka manhaja a Android) na sa a waya, amma yana neman izinin karanta SMS da lambobin da ke wayata. In ba shi?

Amsa: Kar ka ba shi. Goge shi yanzu kafin ka ƙarasa karanta amsar nan. Wanda kake nufi Fear Factor: Unleashed ne, ya fito a 2004 a kan Game Boy Advance (GBA) na Nintendo, an ɗauko shi daga shirin tashar NBC ta Amurka da Joe Rogan ya fara gabatarwa a 2001, inda ake sa mutane cin ƙwari ko kwanciya cikin macizai saboda dala 50,000. Ɗan kaset ne ake zura wa na'urar, na'urar da ba ta da layi ba ta da sim, to me zai yi da saƙonninka ɗan uwa?

Wallahi wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutum ba zai bai wa baƙo makullin shagonsa ba amma da waya ta ce "allow" sai ya danna ko karantawa bai yi ba, alhali a SMS ɗin nan banki ke turo lambar OTP, a nan alat yake shigowa, wanda ya iya karanta su ai ya riga ya zauna a bakin asusunka yana jiran a biya albashi, lambobin wayar kuma da su ake bin 'yan uwanka da sunanka ana roƙon kuɗi. Su 'yan Fear Factor ko ba komai don kuɗi suke sa hannu a ramin kunama, kai kyauta ka sa naka.

Gem ɗin GBA fayil ne mai .gba a ƙarshe, ba ya wuce 32MB, kuma da emulator ake buɗe shi, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem ɗin, irin My Boy! ko Pizza Boy daga Play Store, a kwamfuta kuma mGBA. Shafukan da ke raba fayilolin ba da izinin masu gem suke yi ba, can tarkon ya fi yawa. Bayan ka goge, kunna Play Protect (mai binciken mugayen manhajoji a cikin Play Store), kashe izinin sa manhaja daga Chrome, ka canza fin ɗin banki. Ni dai kullum ina faɗa, gem a tsohuwar waya marar sim, wayar banki daban.

Tambaya: Gem ɗin Jackass na PSP (na'urar gem ta hannu ta Sony) yana min sanyi a emulator ɗin PPSSPP, yaya zan yi?

Amsa: Mayar da resolution zuwa 1x. Allon PSP 480x272 ne, kai ka ƙure shi kana nema waya mai RAM 2GB ta yi aikin da ba nata ba. Ka rufe TikTok a baya.

Tambaya: In na fita daga emulator sai in dawo farko.

Amsa: Save state, wato ajiye inda ka tsaya, yana cikin menu. Danna shi kafin ka fita.