Amsa: Me ya sa sort ke rikita min farashin kaya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana haɗa manhajar lissafi ta shagonku na kasuwar Kejetia a Kumasi da JavaScript (harshen rubuta manhaja), ka sa farashi sidi 5, 40 da 120 a jeri, amma sort, umarnin da ke jera abubuwa bi da bi, ya dawo maka da 120, 40, 5. Kwamfutarka lafiya lau take. Idan ba ka ba sort ƙa'ida ba, yana mayar da lambobi rubutu ne, ya duba alamar farko: 1 kafin 4, 4 kafin 5. Don ya jera su daga ƙarami zuwa babba, rubuta haka:

farashi.sort((a, b) => a - b)

Sai dai ka kula, don Allah, nan ne aka fi yin asara: sort yana canza ainihin jerin, ba kwafi yake ba ka ba. Haka reverse (mai juya jeri) da splice (mai cire abu ko saka shi a jeri) suke. Idan kana buƙatar tsarin da kayan suka shigo da shi, fara kwafe jerin da slice, ko ka yi amfani da toSorted da aka ƙara a 2023, wanda ke ba ka sabon jeri a jere ba tare da taɓa na ainihi ba.

Su map (mai sauya kowane abu a jeri) da filter (mai tace jeri) kuwa babu wannan fargaba, sabon jeri suke fitarwa. Gwada, ka turo mana abin da ya fito.