Tambayi Likita: Manhajar waya za ta iya dawo mini da barcina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekarata 41. Kusan wata takwas ke nan barci ya ƙaurace wa idona. Ina kwanciya da ƙarfe 9, in yi ta juye-juye har 11 ko fiye, sannan in farka da ƙarfe 2 in zauna ido biyu. Ƙanena ya ce akwai manhajoji a intanet da ke maganin wannan ba tare da ƙwaya ba. Gaskiya ne, ko cin data ne kawai? (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, amma a bambance. Akwai manhajojin da ke kunna ƙarar ruwan sama ko sanyayyar murya. Waɗannan rarrashi ne. Akwai kuma waɗanda aka gina kan tsarin da likitoci ke kira CBT-I, wato gyaran ɗabi'a da tunani don magance rashin barci. Da waɗannan muke. A 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ce da wannan tsari ya kamata a fara wa babban mutum mai daɗaɗɗen rashin barci, kafin a yi zancen ƙwaya. Daɗaɗɗe a nan yana nufin aƙalla dare uku a mako na tsawon wata uku, tare da gajiya ko rashin natsuwa da rana. Kin wuce wannan iyaka.

Sanannu a cikinsu akwai Sleepio, wadda hukumar tantance magunguna da hanyoyin jinya ta Ingila, NICE, ta amince da ita a 2022, da SHUTi da aka ƙirƙira a Jami'ar Bajiniya ta Amurka. Waɗannan ba kowa ke samun shiga ba, don ta hanyar hukumar lafiya ko biyan kuɗi ake samunsu. Wadda ta fi sauƙin samu ita ce Insomnia Coach, ta ma'aikatar kula da tsoffin sojojin Amurka, kyauta ce. Dukkansu da Turanci suke, kuma suna ɗaukar makonni, daga biyar zuwa tara gwargwadon wadda aka zaɓa.

Ga abin da za ki tarar a ciki. Mako ɗaya ko biyu na farko ba a canza komai, rubutu kawai ake yi. Kowace safiya ki shigar da lokacin da kika kwanta, kimanin minti nawa kafin barci ya ɗauke ki, sau nawa kika farka, da lokacin da kika bar gado. Kintace ake so. Kada ki riƙa duba agogo cikin dare, domin duba agogon shi kansa yana kore barci. Da wannan rubutu manhajar ke lissafin kaso nawa na zamanki a gado barci ne na gaske.

Mu gwada da naki. Kina kwanciya ƙarfe 9, kina tashi ƙarfe 5 don Asuba: awa takwas a gado. In, a misali, barcin da ke ciki awa biyar da rabi ne, kashi 69 cikin 100 ke nan. Abin da ake nema 85 ne ko sama. Sai manhajar ta umarce ki da abin da mutane suka fi ƙi: ki rage zaman gado ya yi daidai da barcin da kike samu. Tashi yana nan ƙarfe 5, ko Asabar ko Lahadi, kwanciya kuwa sai 11:30. Ba a taɓa yin ƙasa da awa biyar. In mako ya cika lissafi ya kai kashi 90, a ƙara miki minti 15, ki koma 11:15. In yana tsakanin 85 da 90 a bar shi yadda yake, in ya gaza sosai a rage kaɗan. Ma'aunin yakan ɗan bambanta daga manhaja zuwa manhaja.

Me ya sa ake wahalar da mai neman barci haka? Barci kamar yunwa yake, tara shi ake yi. Duk awar da mutum ya yi a farke tana ƙara masa nauyin ido. Mai rashin barci kuwa yakan yi akasin abin da ya dace: ya kwanta da wuri don ramuwa, ya koma gado bayan Asuba, ya yi doguwar ƙailula. Sai ɗan barcin ya watsu cikin sa'o'i masu yawa, ya zama guntu-guntu. Matse lokacin yana dunƙule shi. Arthur Spielman, wani masanin barci ɗan Amurka, shi ne ya fito da wannan dabara a 1987.

Akwai doka ta biyu da ta girme ta, wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Richard Bootzin, ya kawo ta a 1972. Wadda ta shafe watanni tana juye-juye, ƙwaƙwalwarta ta riga ta haɗa gado da fargaba. Shi ya sa za ki yi gyangyaɗi a kan kujera, kina hawa gado ido ya bushe. Don haka ba a hawa gado sai barci ya zo da gaske, ba gajiyar jiki kawai ba. In kin kwanta kamar minti 20 bai zo ba, ki tashi ki zauna wani wuri mai ƙarancin haske, ki ja carbi ko ki karanta abin da ba ya tada hankali, ki dawo in ido ya yi nauyi. In ɗaki ɗaya kuke da yara, tabarma a gefe ta wadatar. Duba takardun ɗalibai da hirar WhatsApp kuma su bar gado.

Sauran darussan na tunani ne, irin “in ban yi awa takwas ba gobe ta lalace”, da na sassauta jiki. Suna da amfani, amma ƙarfin aikin yana cikin waɗancan dokoki biyu.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne mako na farko da na biyu na matse lokaci, domin a nan gajiya ke ƙaruwa kafin a ga sauƙi. Wasu su daina cike rubutun safe, lissafi ya lalace. Wasu su rama da barcin safe ranar hutu, su rushe aikin mako guda. Shawararmu ki fara lokacin hutun zango, kuma kada ki fara cikin azumi, don sahur da tahajjud ba sa barin lokacin kwanciya ya tsaya wuri ɗaya. Ƙailula, in ta zama dole, kada ta wuce minti 20, kuma a yi ta kafin La'asar. Goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari a tsayar da su daga Azahar, domin bayan awa biyar zuwa shida kusan rabin sinadarin kafeyin yana nan a jini.

Tambaya: Ni direban tirela ne. Matata ta ce munsharina yana tsayawa cak sannan in zabura. Da rana barci kamar ya kashe ni. Manhajar za ta yi mini? (Daga Funtuwa)

Amsa: Malam, kada ka fara. Abin da mai ɗakinka ta gani alama ce ta ɗaukewar numfashi cikin barci, inda maƙogwaro ke toshewa sau da dama a dare. Yana tafiya da ƙiba da hawan jini, kuma rage lokacin gado zai ƙara maka gyangyaɗi a kan sitiyari. Likita za ka gani, a asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa, ka tafi da ita don ta bayyana abin da take gani. Haka ma mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke sa shi zumuɗi na kwanaki ba barci sannan ya faɗa matsananciyar damuwa: ƙarancin barci yana iya tayar musu da ciwon. Mai juna biyu da mai aikin dare su ma sai da sa idon likita.

Tambaya: Shekara biyu ina shan ƙwayar Valium daga kyamis don in samu barci. In na fara manhajar in jefar da shi? (Daga Maraɗi)

Amsa: A'a, ranka ya daɗe. Jikin da ya saba da wannan ƙwaya shekara biyu, in an yanke masa rana ɗaya zai iya shiga karkarwa, firgici, har da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Likita ne ke rage ta kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Ana iya bin tsarin manhajar a lokaci guda, hasali ma yana sauƙaƙa rabuwa da ƙwayar. Ka fara da rubutun safe na mako biyu, ka haɗa da adadin ƙwayar da kake sha kowane dare da ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalin, ka kai wa likitan.