Filin Amsa Tambayoyinku: Wa Ke Zana Mana Hoton Mutanen da Ba Mu Taɓa Gani Ba?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, damuwarsu ɗaya ce, wato yadda jarida da rediyo da talabijin da fina-finai suke nuna al'ummomi, da abin da hakan ke barin wa mai kallo a zuciya.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jarida. Na lura idan manyan tashoshin duniya za su kawo labarin Afirka, galibi yunwa ce ko yaƙi ko annoba, idan kuma aka ambaci Larabawa ko Musulmi sai ka ji bam da ta'addanci. Shin makirci ne aka ƙulla da gangan, ko kuwa mu ne muke da saurin zargi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani gaskiya ne, har an auna shi an ƙidaya, sai dai kalmar makirci ta yi wa lamarin kaɗan, domin da makirci ne kawai da gyaransa ya zo da sauƙi: a gano waɗanda suka ƙulla, a tona musu asiri, magana ta ƙare. Yawancin ɓarnar daga tsarin aikin kansa take fitowa, kuma sau da yawa ta hannun mutanen da ko ƙarya ɗaya ba su rubuta ba.

Tun a 1922 wani ɗan jaridar Amurka, Walter Lippmann, ya yi bayanin cewa duniya ta fi ƙarfin idon mutum ɗaya, saboda haka kowa yana tafiya ne da wasu hotuna a cikin kansa na wurare da mutanen da bai taɓa gani ba. Sunan da ya ba irin wannan hoto daga maɗaba'a ya aro shi, wato farantin ƙarfen nan da ake zubawa sau ɗaya, daga nan a yi ta buga shafi iri ɗaya da shi ba tare da an sauya ko harafi ba. A harshenmu za mu ce an yi wa mutane kuɗin goro. Gani ya kori ji, amma al'ummar da ba ka da hanyar ganinta, ji ne kaɗai zai yi maka jagora, shi kuwa jin yana hannun edita.

To, da wane ma'auni editan yake zaɓe? A 1965 wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, sun bi diddigin yadda jaridu huɗu na ƙasarsu suka kawo rikicin Kongo da na Kuba da na tsibirin Saifurus, suka fitar da abubuwa 12 da ke sa al'amari ya zama labari. Daga ciki akwai munin abin, da faruwarsa kwatsam, da kusancinsa da al'adar masu karatu, da kuma ko ya shafi manyan ƙasashe ko manyan mutane. Idan kika haɗa waɗannan, za ki ga cewa ƙasa mai nisa kuma marar ƙarfi ba ta da ƙofar shiga kanun labarai sai ta masifa. Makarantar da ta shekara ashirin tana yaye ɗalibai lafiya ba za a aika mata wakili ba, amma ranar da gobara ta cinye ta za a zo da kyamara. Mai kallo a wata nahiya bai ga shekaru ashirin ɗin ba, gobarar ya gani, kuma ba a yi masa ƙarya ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yunwar Habasha. A watan Oktoba na 1984 BBC ta nuna rahoto daga garin Korem, wanda Michael Buerk ya karanta, Mohamed Amin ɗan Kenya ya ɗauki hotunansa. Rahoton ya girgiza duniya, ya kai ga gagarumin taron kaɗe-kaɗe na neman agaji a Landan da Filadelfiya a watan Yuli na 1985, kuma babu mai musun cewa an ceci rayuka. Amma yaƙin basasa da manufofin gwamnatin soja ta lokacin, waɗanda suke cikin manyan dalilan yunwar, ba su samu fili kamar yadda hoton yaro mai ƙasusuwa a waje ya samu ba, sai hoton ya zauna a zukatan mutane da yawa a matsayin fuskar nahiya guda mai ƙasashe 54. Kyakkyawar niyya ma tana iya barin tabo. Mujallar The Economist ta Birtaniya ta kira Afirka nahiyar da aka fid da rai da ita a bangonta na watan Mayu 2000, a Disamba 2011 kuma ta dawo ta ce Afirka ta yunƙuro. Na farkon zagi ne, na biyun yabo, amma duka biyun kuɗin goro ne.

Game da Musulmi da Larabawa, akwai alƙaluma. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya duba hare-haren ta'addanci da aka kai a cikin Amurka daga 2006 zuwa 2015, ya gano cewa idan Musulmi ne ya kai harin, yawan rahotannin jaridu a kansa yakan ninka kusan sau huɗu da rabi, ko da an yi la'akari da adadin waɗanda suka mutu. Kafin nan, a 2001, Jack Shaheen, Ba'amurke ɗan asalin Lebanon, ya fitar da nazarin fina-finan Amurka fiye da 900 da Larabawa suka fito a ciki, ya tarar ƙalilan ne suka nuna Balarabe a matsayin mutum kamar kowa, mai iyali da sana'a da abin dariya.

Sannan akwai batun mai bututun da labarin ke bi. Kamfanonin dillancin labarai da suka daɗe suna ciyar da jaridun duniya a Turai da Amurka aka haife su: Havas na Faransa, kakan kamfanin AFP na yanzu, a 1835, AP na Amurka a 1846, Reuters na Birtaniya a 1851. Ƙasashe masu tasowa sun koka a kan haka a hukumar UNESCO, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Sean MacBride ɗan ƙasar Ireland, ya miƙa rahotonsa a 1980 yana neman a daidaita kwararar labarai tsakanin ƙasashe. Amurka da Birtaniya sun ga abin a matsayin ƙofar da gwamnatoci za su bi su danne 'yan jarida, kuma wannan taƙaddama tana cikin dalilan ficewarsu daga hukumar a 1984 da 1985. A ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin wasu daga cikin shugabannin da suka fi ɗaga murya a kan rashin adalcin kafafen Turai su ne suke ɗaure 'yan jaridar gida.

Wannan ba ya nufin babu masu yi da gangan. A Ruwanda gidan rediyon RTLM, wanda ya fara aiki a 1993, ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana karanta sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya, har aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari a 1994. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta samu mutum uku masu alaƙa da rediyon da jaridar Kangura da laifi. Tun da aikin da kike koya ke nan, Malama, ki kula cewa masu wannan rediyo 'yan ƙasa ne, da harshen gida suka yi magana, kuma maƙwabta suka tunzura a kan maƙwabta.

Tambaya ta biyu: Malam, ni magidanci ne mai 'ya'ya matasa. Ana ta cewa fina-finai da talabijin suna sauya tunanin yara. Ni kuwa na taso ina kallo ban ga abin da ya same ni ba. Ba zuzuta abin ake yi ba?

Amsa: Malam, akwai zuzutawa, kuma masana da kansu sun daɗe da barin ra'ayin cewa saƙo yana shiga kai kamar allura. Tun a zaɓen Amurka na 1940 Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka gano, a wata gunduma ta jihar Ohio, cewa mutane sun fi sauya ra'ayi ta hanyar hira da wanda suka yarda da shi fiye da ta jarida ko rediyo kai tsaye. Stuart Hall, ɗan asalin Jamaika da ya koyar a Ingila, ya ƙara da cewa mai kallo yana iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya karɓi wani ya bar wani, ko ya juya shi gaba ɗaya. 'Ya'yanka ba buhu ba ne da za a ɗura musu abin da aka ga dama.

Amma cewa ba ka ga abin da ya same ka ba, ka yi haƙuri, ba hujja ba ce, domin irin wannan tasiri ba ya sallama idan zai shigo. George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ya shafe shekaru, tun daga ƙarshen shekarun 1960, yana ƙirga tashin hankalin da ake nunawa a talabijin, ya kuma gano cewa masu kallon awa huɗu ko fiye a rana sun fi ɗaukar duniya wuri mai haɗari, sun fi ƙin yarda da mutane. Wasu sun sake duba alƙalumansa suka ce tasirin bai kai yadda ya faɗa ba idan aka cire bambancin ilimi da unguwa da samun kuɗi, kuma sukar tana da tushe. Abin da ya tsira daga muhawarar shi ne cewa ƙarfin yana cikin maimaici, fim ɗaya ba ya yin komai, amma dubu masu fuska ɗaya suna yi, yau da gobe ce take sa allura ta haƙa rijiya. Maxwell McCombs da Donald Shaw kuma sun nuna, daga zaɓen 1968, cewa abin da kafafen labarai suka fi ambata shi ne abin da masu zaɓe suke ɗauka ya fi muhimmanci, ko da ba su yarda da ra'ayin jaridar ba.

An ga wannan a zahiri cikin gidaje. Wani bincike na 2009 a ƙauyukan Indiya ya nuna cewa bayan isar tashoshin talabijin na kebul, matan da ke ganin dukan mace ba laifi ba ne sun ragu, haka ma fifita ɗa namiji. A Brazil, inda wasannin kwaikwayo masu dogon zango na tashar Globo suka saba nuna iyali mai 'ya'ya kaɗan, an tarar haihuwa ta ragu a yankunan da tashar ta isa, har iyaye suna raɗa wa jarirai sunayen taurarin wasan. Ko mutum ya yi murna da wannan sauyi ko ya yi baƙin ciki, ba zai ce ba a yi ba. Shawarata ita ce ka zauna ka kalla tare da su, ka tambaye su wa aka sa ya zama mugu a wannan fim, wane irin harshe da tufafi aka ba shi, kuma sau nawa suka ga an yi haka. Binciken Ohio ya riga ya nuna cewa muryarka ta fi ta akwatin nauyi, muddin kana wurin.

Tambaya ta uku: Malam, yanzu da kowa yake da waya da shafin sada zumunta, ai kowace al'umma za ta iya ba da labarinta da bakinta. Matsalar ba ta ƙare ba ke nan?

Amsa: Ta ragu ta wani gefe, ta ƙaru ta wani. Gaskiya ne yau ɗan ƙauye yana iya ɗaukar bidiyo ya ƙaryata babbar tasha kafin rana ta faɗi. Sai dai edita bai tafi ba, na'ura ce ta gaje shi, ita kuwa an tsara ta ne ta tura maka abin da zai riƙe idonka, kuma abin da ke tayar da fushi ya fi riƙe ido. A Myanmar an daɗe ana shafa wa 'yan Rohingya kashin kaji a Facebook kafin farmakin sojoji na 2017 da ya kori fiye da mutum 700,000 zuwa Bangladesh, kuma a Nuwamba 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura jama'a. Laifi tudu ne: wanda yake kuka da yadda baƙi ke nuna mutanensa, sau da yawa shi ne yake tura bidiyon da ke mai da wata ƙabila abin dariya ko abin tsoro, bai ko tsaya ya tambayi inda aka ɗauke shi ba.

Hanyar da hoton ya bi ya lalace, ta nan yake gyaruwa, wato ganin mutum ɗaya a kai a kai har ya zama sananne. Bayan ɗan ƙwallon Masar Mohamed Salah ya koma Liverpool a 2017, yana sujada a fili idan ya ci ƙwallo, wasu masu bincike sun wallafa a 2021 cewa laifukan ƙiyayya a yankin Merseyside, inda birnin Liverpool yake, sun ragu da kashi 16 cikin 100 idan aka kwatanta da abin da ake tsammani, kuma kalaman ƙin Musulmi daga magoya bayan ƙungiyar a Twitter sun ragu da kusan rabi. A Ruwanda ma, kafar rediyo da aka yi kisa da ita an dawo an yi sulhu da ita ta wasan kwaikwayon Musekeweya da aka fara a 2004. Elizabeth Paluck, wadda ta bi masu sauraronsa tsawon shekara guda, ta tarar abin da suka yi imani da shi a zuci bai motsa sosai ba, amma abin da suke ganin jama'a ta yarda da shi ya sauya, har suka fi amincewa da auratayya tsakanin ƙabilu, suka kuma fi iya faɗin saɓanin ra'ayi a bainar jama'a.