Ku Tambayi Injiniya: Sabarmu tana tsayawa cak duk ƙarshen zango

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta nan Tudun Wadan Zariya, muna da saba (babbar kwamfutar da sauran ke ɗauko bayanai daga cikinta) guda ɗaya mai ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB da MySQL, manhajar adana bayanai, a kai, sakamakon yara da lissafin kuɗin makaranta duk a ciki suke. To duk ƙarshen zango da malamai sun fara shigar da maki sai abu ya tsaya, shafi ya yi ta juyawa, wani lokacin ma ya rubuto Too many connections. In na kashe na kunna sai ta ɗan farfaɗo, bayan awa ɗaya ta koma gidan jiya. Mai makaranta ya ce a sayo sabuwa kawai. Don Allah mene ne mafita? Daga mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce wa Alhaji ya riƙe kuɗinsa tukuna, kai kuma don Allah ka daina wannan kashe-kunna ɗin, domin duk sanda ka kashe ta ka goge shaidar da za ta nuna maka mai laifi.

Lokacin da ta tsaya ɗin nan shi ne lokacin dubawa. Shiga MySQL ka buga SHOW FULL PROCESSLIST, za ka ga duk ayyukan da ke gudana da daƙiƙun da kowanne ya cinye. Galibi za ka tarar da guda ɗaya ya daɗe yana riƙe da teburi, wato jadawalin da bayanai ke ciki, sauran sun yi layi a bayansa. Kamar dai tirela ta mutu a Kwangila ne, motocin baya ba su da laifi, kuma wannan Too many connections ɗin layin ne ya cika, don MySQL haɗi 151 yake ɗauka a lokaci guda in ba a taɓa saitin ba. Wasu sai su ɗaga lambar zuwa 1000 su ce sun gyara, alhali tirelar na nan kan hanya, ram kawai za su ƙara cinyewa.

Ni abin da na fi zargi shi ne rashin indes, wato fihirisar da ke kai MySQL kai tsaye ga layin da ake nema. Teburin maki yana ƙaruwa duk shekara, a farko ba a jin komai, amma in babu indes a kan lambar ɗalibi ko aji ko zango, to duk malamin da ya nemi yaro ɗaya sai sabar ta karance teburin gaba ɗaya tun daga layin farko, ka ga malamai 30 a lokaci guda ai dole ta durƙusa. Kunna slow_query_log, wato rajistar umarnin da ke jan lokaci, ka rage long_query_time (lokacin da umarni zai wuce kafin a rubuta shi) daga daƙiƙa 10 zuwa 1, ka bar shi wuni guda. Umarnin da ya fi yawan fitowa ka sa masa EXPLAIN a gaba don ka ga yadda MySQL ke neman bayanan, in ka ga ALL a ƙarƙashin type, wato teburin gaba ɗaya yake karancewa, to ka kama ɓarawon. Amma kafin ka taɓa komai yi bakof, wato kwafin bayanan gaba ɗaya, da mysqldump, ka ajiye a wata na'ura daban, kuma da dare za ka sa indes ɗin ba lokacin da malamai ke aiki ba.

Sai innodb_buffer_pool_size, wato kason ram da MySQL ke riƙe bayanai a ciki don sauri, wanda yake zuwa da 128MB kacal, wallahi na sha ganin saba mai ram da yawa tana fama a haka. Da 8GB ɗinka ka ba shi kamar 4GB tunda ina zaton manhajar makarantar ma a kanta take.

Duba faifan ajiya (hard disk) ma, in Linux ce buga df -h, faifan da ya cika yana tsayar da rubutu gaba ɗaya. Ka kuma buɗe akwatin ka hure ƙura, ka san hunturun Zariya, fanka ta toshe na'ura ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta.

In ka gwada waɗannan ba canji, turo mana abin da PROCESSLIST ɗin ya nuna, ka goge sunayen yara tukuna.