Tallafin waje da ƙananan ƙasashen tsibirai

Malam, ka tambaya ko tallafin waje na iya raba ƙananan tsibirai da dogaro da sana'a ɗaya. Yana iyawa, in ya tarar da shiri a ƙasa. Dubi Morishus, tsibiri a Tekun Indiya: a da rake ne jigonta, amma tun 1970 ta buɗe yankin masana'antu, ta shiga ɗinkin tufafi da yawon buɗe ido. Da Tarayyar Turai, mai sayen sukarinta, ta fara zaftare farashin sukari a 2006, har ragin ya kai kashi 36 cikin ɗari, kuɗin rage raɗaɗin da ta bayar ya samu wurin zama.

Abin da ya fi damuna kuɗin jigila ne, shi ke cinye ribar tsibiri mai nisa. Ni dai na fi son tallafin ya tafi gyaran tashoshin jiragen ruwa da intanet.