Kuɗin hanya daban, ladan aiki daban

Jiya bayan la'asar ka tare ni da tambaya a bakin ofis, na ce ka bari sai na nutsu, don ba maganar tsaye ba ce. Ka ce wata dattijuwa daga Rigasa, nan cikin Kaduna, ta zo da ƙaninta, ɗanta yana tsare a gidan yari bisa tuhumar fashi da makami, su kuwa sun rantse ranar da aka yi fashin yaron yana Saminaka wajen ɗaurin auren ɗan baffansa. Suna so, a matsayinka na mai bincike mai zaman kansa, ka je ka nemo waɗanda suka gan shi a can. Ba ka san nawa za ka yanka musu ba, ba ka san ko zaman mota yana cikin aiki ba, ga shi kawun ya ja ka gefe ya ce kada ka damu da ciniki, ranar da yaron ya fito naira dubu 500 taka ce.

Bari in fara da dubu 500 ɗin, don na ga yadda idonka ya yi da ka ambace ta. Ka mayar masa da tayinsa cikin ladabi. Ranar da ka ɗaura ladanka a kan sakin wanda ake tuhuma, ka tashi daga mai bincike ka koma mai farautar abin da zai biya ka. Za ka isa Saminaka, mutum uku su ce sun gan shi, na huɗu ya ce a'a, ai sai washegarin biki ya iso, sai ka ji zuciyarka tana raya maka ka bar na huɗun a inda ka same shi. Alhali maganarsa ce lauya ya fi bukata, domin in bai ji ta daga bakinka ba zai ji ta daga bakin mai gabatar da ƙara a gaban alƙali, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kuma in aka kira ka ba da shaida, ba za a daɗe ba za a tambaye ka yadda aka yi cinikin aikin. Da ka ce sai an sallame shi za a biya ka, shi ke nan, duk ƙurar da ka sha ta tashi a banza. Su kansu lauyoyi ƙa'idar aikinsu ta hana su yin cinikin "sai an ci" a shari'ar laifi, balle kai da kake tafiya a bayansu. Mu lokacinmu muke sayarwa, da ƙafarmu, da idonmu. Hukunci na alƙali ne.

To yaya ake yankawa? Tun ina yaron wani aka koya mini raba kuɗin gida uku, kuma har yau ban ga dalilin canzawa ba: ladan aikinka, kuɗin hanya, sai abin da za ka kashe a can, wato masauki da abinci da katin waya da kwafin takardu. Kowanne layinsa daban a takarda. Mai haɗa su wuri guda ya ce "ku ba da kaza" yana cikin ɗayan biyu, ko ya cuci mutane ko ya cuci kansa, kuma sabon shiga irinka kansa yake cuta.

Zaman mota aiki ne, ka cire shakka. Sa'o'in da ka yi a takure a kujerar baya, gwiwarka tana dukan buhun wani, ba ka yi wa kowa aiki a cikinsu ba sai wanda ya aike ka. A Amurka, inda sana'ar ta tsufa, da awa suke lissafi, sannan su ɗora kuɗin kowane mil da mota ta ci. Da yawansu suna bin ma'aunin hukumar harajin ƙasar, wanda ya kasance santi 67 kan kowane mil a 2024, ya koma santi 70 a 2025. Wasu suna fara ƙirga awa tun daga ƙofar ofis har su dawo, wasu kuma rabin farashi suke karɓa kan awowin hanya. Mu a nan in ka ce wa dattijuwar Rigasa ka yi mata awa bakwai da rabi, kallon ɗan damfara za ta yi maka, don ba ta da yadda za ta auna. Shi ya sa nake yanka nawa da yini da rabin yini. Cikin gari, ko daga Kawo ne zuwa Sabon Tasha, ba na raba kuɗin hanya, yana cikin ladan yini. Zariya, da ke wajen kilomita 80, rabin yini ce in mutumin da kake nema yana cikin gari. Saminaka ko Kafanchan kuwa yini ne cur, galibi har da kwana.

Kada ka kuskura ka rubuta adadin kuɗin mai a yarjejeniyar da za ta ɗauki watanni. Waɗanda suka yi ciniki kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, sun wayi gari lita ta ninka fiye da sau biyu, aikin kuma yana wuyansu, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka rubuta cewa za a biya mai bisa farashin ranar tafiya, ka karɓi rasit a gidan mai. In da motarka za ka, ga lissafina: a ce tana cin kilomita 10 da lita ɗaya, zuwa Zariya da dawowa kilomita 160, lita 16 ke nan, ka ƙara na zirga-zirgar cikin gari, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin uku a kan jimlar saboda taya da birki da baƙin mai. Wannan kashi ɗayan shi yara ke mantawa, sai ranar da suka tsaya gaban bakanike suke tuna shi.

Amma sau da yawa motar haya ta fi. Ba don araha kawai ba. Baƙuwar mota in ta shiga ƙauye, kafin ka kashe ta labari ya kai gidan da za ka, mutumin ya fice ta bayan danga yana zaton hukuma ce. Wanda ya sauka a tasha ya hau bayan ɗan acaɓa, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Ɗan acaɓan ma ka yi ciniki da shi har da jira tun kafin ka hau, ka rubuta a littafinka nan take, tunda shi ba rasit gare shi ba. In Abuja ce, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya sauƙaƙa lissafi, tikitin kansa shaida ne. Akwai kuma hanyoyin da ba na bi bayan la'asar ko nawa za a ba ni, irin ta Birnin Gwari, kuma ba na tura yaro. In rashin tsaro ya sa ka kwana, kwanan yana kan mai aiki, ka gaya masa tun farko.

Wani abu ƙarami da ke nuna halin mutum: in tafiya ɗaya ta haɗa maka aikin mutum biyu, ka raba musu kuɗin hanyar. Ba wanda zai sani in ka karɓa sau biyu. Kai ka sani.

Za ka kuma yi tafiyar da ba za ta haifar da komai ba. Ka isa da hantsi, ka yi sallama, yarinya ta leƙo ta ce baba ya tafi cin kasuwa sai dare, ko ya tafi ci-rani sai bayan salla. Ka zauna kan benci a gindin darbejiya, a kawo maka ruwa a kwanon sha, ka jira har inuwa ta juya. Wannan yinin ana biyansa, amma fa sai in ka faɗa kafin ka tafi, don bayan ka dawo hannu biyu ba mai son jin lissafi. Kai ma ka rage irin wannan asarar. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka nemi lambar wani a garin, ka fara da gidan mai unguwa, ka tabbata mutumin yana nan kafin ka ƙona kuɗin marasa ƙarfi.

Inda shari'ar laifi ta bambanta da neman wanda ya gudu da bashi ko tantance takardun fili shi ne ba ta da ranar ƙarewa. Nan na taɓa ƙonewa. Na karɓi wani aiki a dunƙule, har da zuwa kotu, a wani gari can kudancin jihar nan. Binciken kwana huɗu ya ɗauke ni. Zuwa kotun kuwa sai da na yi sawu bakwai: yau ba a kawo wanda ake tuhuma ba, gobe wani lauya ba shi da lafiya, jibi an ɗage. Kowane zuwa in bar gida da asuba, in zauna a baranda da fayil a cinya har azahar, a ba da sabuwar rana in kamo hanya. A sawu na biyar daga aljihuna nake biyan mota, har uwargida ta fara tambaya ko ni ake tuhuma. Tun daga nan ranar kotu layinta daban, kowane zama da kuɗinsa, a kira ni ko kada a kira.

Kuma kada ka taɓa aikin nan sai ta hannun lauyan yaron. Shi zai rubuta maka abin da yake so a nemo, shi za ka kai wa rahoto, ba kawu ba, ba uwa ba, komai kukanta. Tsarin mulki na 1999, sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin a ba shi lokaci da damar shirya kariyarsa. A inuwar wannan haƙƙin muke aiki, ba mu da wata. Kai ba ɗan sanda ba ne, ba ka kama kowa, ba ka tilasta wa kowa magana, ba ka bin bayan fage ka sayi bayanan kiran wayar mutane. Ko a 2024 an kai ƙudirin ba masu bincike masu zaman kansu lasisi gaban Majalisar Dattawa, ta ƙi amincewa da shi, saboda haka ka san ƙasar da kake takawa. Lauya ne kuma zai gaya maka ko tafiyar ma tana da amfani. Kariyar "ba na wurin" kotu tana son a ce an ambace ta tun a jawabin farko a wajen 'yan sanda, da sunan wuri da mutanen da ake tare da su. Hotunan biki da bidiyon waya, waɗanda na tabbata za a cika ka da su, suna da sharuɗɗansu a sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, har da takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro su. Don haka ba turo maka ta WhatsApp kawai za a yi ba. Ka rubuta wayar wa ce, wa ya ɗauka, yaushe, ka roƙe shi kada ya goge kuma kada ya sayar da ita. Wannan duk lokaci ne, ka sa shi a lissafi.

Shaida kuwa, ko goro kada ka ba shi don ya yi magana. In zai zo kotu, kuɗin motarsa da abincinsa halal ne, amma su fito ta hannun lauya, a rubuce. Akwai wanda zai ce maka "to ni me zan samu?" Ka yi masa godiya ka tashi, ka rubuta a rahoto cewa ya tambaya.

Na san abin da ke cin ranka, dattijuwar ba ta da shi. Yawancin masu zuwa mana kan irin wannan shari'a haka suke, an sayar da akuya, an jinginar da keken ɗinki. In za ka yi sauƙi, ka yi a ladanka, wannan naka ne, ko ka yafe rabi Allah ya ba ka lada. Kuɗin hanya ba a sauƙi a kansa, don ba naka ba ne, na direba ne da mai gidan mai. In ba su da lauya ma tukuna, ka nuna musu ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don irinsu. Kuma ka karɓi kafin alƙalami: kuɗin hanya da na kashewa gaba ɗaya, da rabin lada. In ka dawo ka zauna da su ka baje rasit, canjin da ya rage ko naira 200 ce ka miƙa. Rabin mutanen da ke sallama a ofishin nan wani ne da na taɓa mayar wa canji ya turo su.

Wannan aikin na Saminaka, ni a ganina yini biyu ne da kwana ɗaya, sai rabin yini na rubuta rahoto, ranakun kotu kuma a bar su a buɗe. Gobe da safe ka kira kawun ka karɓi sunan lauyan da kwafin takardar tuhuma, ka biya tasha ka tambayo kuɗin mota na wannan makon, sannan ka zo da littafinka mu zauna mu fitar da lissafin tare kafin ka buɗe baki ka faɗa musu ko sisi.